Murhun da Na Ajiye a Bakin Ƙofa

Tun da na dawo daga New York ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan biki, har a asibiti wata ta taɓa riƙo mayafina ta ce, "Hajiya Binta, ya Amurka?" Amsar da nake bayarwa ita ce, "Tana gaishe ku." An ce mini amsar ta yi gajarta ga wadda ta shekara ashirin da ɗoriya tana magana a rediyo. To ga doguwar. Na rubuta ta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Sai na fara da abin da ya kai ni. A tasharmu ina da shiri na rabin sa'a kowane mako kan muhalli da sana'o'i. Wata shekara wani abokin aiki da ya je kwas Jamus ya dawo mini da littafin wani masanin kimiyya Bajamushe, a fassarar Turanci. Maganar mutumin, in an tace ta, ɗaya ce: ƙasa na iya ƙara walwalar jama'arta ba tare da ta ƙara cin itace da mai da ƙarfe da ruwa ba, in dai an gyara yadda ake ƙera abu da yadda ake amfani da shi. Bai ce a zauna cikin talauci ba. Cewa ya yi a tatsi amfani mai yawa daga abu kaɗan, a ƙera abin da zai daɗe, wanda in ya lalace za a gyara, in ya mutu a narka shi a sake wani. Na nemi sauran rubuce-rubucensa, na riƙa mayar da su Hausa babi-babi ina karantawa a shirin, masu sauraro suna bugo waya.

Cikin masu bugowa akwai Malam Sale, dattijon maƙeri a layin maƙera da ke bayan babbar kasuwarmu. Ranar da ya fara bugowa cewa ya yi, "Malama, wannan Baturen naki ya taɓa zuwa rumfata ne? Ai aikina yake karanta muku." Na je na gani. Ƙofofin matattun motoci yake saye, ya yanka, ya lanƙwasa, ya zaunar da gasasshen yumɓu a ciki, ya fitar da murhun gawayi mai riƙe zafi. Matan unguwa sun shaida mini buhun gawayi ya fi daɗewa a hannunsu tun da suka koma kansa. Rumfa goma sha ɗaya ke wannan aikin a layin, duk shi ya koya musu.

Ana nan sai wata ƙungiya mai hedikwata a New York ta ƙuduri raba wa gidaje murhu kyauta a jiharmu. Hanya biyu ce a gabansu: ko su sayo daga masana'antar ƙetare a kawo cikin kwantena, ko su ba maƙeran gida aikin. Kowa a layin ya fahimci lissafin. In murhun kyauta ya sauka, ba mai sake sayen nasu. Wata jami'ar ƙungiyar, Madam Helen, ta ji labarin shirina, ta rubuto ta gayyace ni taronsu. Ta ce in zo da murhu ɗaya, injiniyansu zai gwada shi a ɗakin gwaji. Jerin murhunan da za su amince da su a makon taron za a rufe shi, kuma wanda ba a gwada ba ba zai shiga ba.

Na zaɓi wani sabo mai sheƙi. Malam Sale ya karɓe shi daga hannuna ya mayar. Ya shiga gida ya ɗauko wanda matarsa, Iya Hanne, ta shekara huɗu tana girki a kai.

"Sabo kowa ya iya yi," ya ce. "Ki kai musu wanda ya sha wuta bai tsage ba. Kuma kada a wanke shi, Malama. Baƙin nan shi ne shaidarsa."

Haka ake yi a kasuwarmu. Mai sayen tukunya ba ya yarda da bakin mai sayarwa, tsohuwa yake so ya gani. Iya Hanne ta biyo mu har zaure tana cewa, "A dawo mini da abina. Na san inda yake son gawayi."

Biza a Abuja ake nema. Na yi layi tun da hantsi da takardu cike da jaka, jami'in da ke bayan gilashi bai duba ko ɗaya ba sai takardar gayyata. Ya tambayi abin da zai kai ni, na ce murhu. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya yi dariya, ya ce in dawo in karɓi fasfo. Wata malamar jami'a da ke gabana, mai digiri uku da gidan kanta, an hana ta cikin daƙiƙa arba'in. Na ƙirga, don sana'ata ta koya mini ƙirga daƙiƙa.

Ranar tafiya a mota muka je Abuja, murhun cikin kwali a but ɗin mota. A wani shinge ɗan sanda ya sa aka buɗe, ya leƙa, ya dube ni. "Hajiya, a Amurkan ba su da murhu ne?" Na ce suna da shi, namu ne ba su da shi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, in na dawo kada in manta da shi.

Jirgi ya yada zango a Alƙahira, daga nan sai doguwar tafiyar da ƙafa ke kumbura. Abincin jirgi ya zo cikin ƙananan robobi bakwai, kowace da murfinta, da cokalin roba cikin leda. Na cinye cikin minti biyar, robobin kuwa, a cewar littafin da ke cinyata, za su fi jikokina daɗewa a duniya.

A filin jirgin New York an ba mu takarda mai tambaya ko muna ɗauke da abinci, ko tsirrai, ko ƙasa. Na amsa gaskiya. Kilishi ban ɗauko ba, don Yaya Rabi, 'yar kawuna da zan sauka wurinta, ta gargaɗe ni. Kuka da yaji suka wuce. Daddawa ta sa jami'in kwastan ya ja baya ya kira abokin aikinsa, suka shinshina tare, suka yanke hukuncin cewa ba ta da laifi sai wari. Sannan ya sa wuƙa ya farke kwalin murhun daga sama har ƙasa. Safar hannunsa shuɗiya ta koma baƙa. Ya ƙwanƙwasa yumɓun ya ce wannan ƙasa ce. Na ce gasasshe ne, kamar kofin da yake shan shayi. Suka yi shawara, suka yarda. Kwalin dai ya riga ya mutu. Suka naɗe shi da salatif sama-sama, na tura shi waje yana zubar da baƙi a kan farin tayil.

Yaya Rabi tana aikin kula da tsofaffi, ba ta samu hutu ba, sai ta turo maƙwabcinta Alhaji Isaka da makullin gida. Mutumin Zangon Kumasi ne, mai tsohuwar motar ɗaukar kaya, Hausarsa irin ta Gana ce, ba ta raba namiji da mace, da gishirin Turanci da na yaren Tuwi a ciki.

"Hajiya, sannu da hanya. Wannan ne big man ɗin?" Ya nuna kwalin. "Ya hau jirgi, ni uwata bai taɓa hawa ba."

Sana'arsa ta ba ni mamaki kafin ta ba ni haushi. Yana zaga unguwanni yana tsintar abin da aka fitar bakin titi, ya tara, ya cika kwantena, ya aika gida a sayar. Muna tafe yana nuna mini: ga firji, ga katifa, ga kujerun falo uku a jere kamar ana jiran baƙi. A wata kwana ya taka birki, ya fita, ya dawo da fanka.

"Lafiyarsa ƙalau. Mai shi ya gaji da kalarsa ne kawai." Ya jefa ta baya. "Garin nan, Hajiya, duk abin da ka ajiye a waje ba naka ba ne kuma. Ka yi sadaka ke nan."

Na yi dariya, na rubuta maganar a ɗan littafina don in yi amfani da ita a shiri. Ina da ita har yanzu, da rubutun hannuna.

Highbridge unguwa ce a kan tudu, a yankin Bronx, benaye jajaye kafaɗa da kafaɗa, titunan wasu sai da matakala. Yaya Rabi a hawa na biyar take, lif ya lalace. Alhaji Isaka ya ɗauko akwatina da kwalin ya dire a ƙofar ɗakinta yana haki, ya ce motarsa ba a kan ƙa'ida ya ajiye ta ba, in ya daɗe za a manna masa tara. Ya miƙa mini makulli ya sauka da gudu.

Na buɗe ƙofa. Abin da na fara gani kafet ne fari sol daga bango zuwa bango, irin wanda mace ke tara kuɗinsa shekara guda. Na dubi kafet, na dubi kwalin da ke zubar da baƙi. Ban ko yi dogon tunani ba. A gidan da aka haife ni murhu ba ya shiga ɗaki, balle baƙuwa ta shigar da shi ɗakin mai masaukinta ba ta nan. Wurinsa tsakar gida ne, ko gefen ƙofa. Barandar da ke gaban ƙofofi huɗu na hawan kuwa, a idona, tsakar gida ce: a rufe take, ƙofar ƙasa da makulli, maƙwabta ne kaɗai ke bi. Na cire ragowar kwalin don kada ya yi kama da shara, na shimfiɗa jarida, na zaunar da murhun a kai, na matsar da shi jikin bango don kada ya tare wa kowa hanya. Har na yaba wa kaina da tsafta.

Cikin ɗakin zafi kamar gidan burodi, alhali a waje sanyi ne mai shiga ƙashi. Wani bututun ƙarfe a gindin taga yana huci, ba shi da maɓallin ragewa, tagar kuma an bar ta a buɗe don a iya numfashi. Na leƙa na ga tagogin benen da ke fuskantarmu duk haka suke. Wato ana ƙona mai a ƙasa ana ɗumama titi. Bajamushen yana da dogon bayani kan irin wannan gini, na taɓa kwashe mako biyu ina karanta wa mutanen da ba su da wutar lantarki. Na yi salla, na kwanta, barcin gajiya ya ɗauke ni.

Yaya Rabi ta shigo gab da magariba. Muka rungume juna, muka yi koke-koken shekara tara da tambayar wanda ya mutu da wanda ya haihu. Ta tuƙa tuwo da wani farin gari na kwali, ta kaɗa miyar kukar da na kawo da daddawar da ta tsallake kwastan. Tuwon ba shi da ƙamshin komai, miyar ce ta rufa masa asiri.

Muna ci ta ce, "To ina angon? Ina murhun da ya kawo ki Amurka, ke da ko bikin 'yata ba ki zo ba?"

"Ai kin wuce shi. Yana bakin ƙofa."

Ta ajiye cokali. "Wace ƙofa, Binta?"

Muka buɗe. Babu murhu, babu jarida. Sai ɗan zanen baƙi a jikin bango.

Mai kula da benen, wanda suke kira supa, a ƙasa yake zaune. Dattijo ne mai jin Sifaniyanci, Turancinsa daidai da nawa wajen nauyi. Ya gane abin nan take. Ya ce shi ya ɗauka da rana. Ya nuna mana wata takarda a bango mai hana ajiye komai a baranda saboda gobara. Ya ce ya ƙwanƙwasa, ba a amsa ba, kuma da ya ga abin ya ƙone ya yi baƙi, bai yi shakkar shara ce ba. Ya haɗa shi da sauran ƙarafa ya fitar bakin titi, don washegari ne ranar kwashe ƙarfe. Muka fita titi. Ga buhunan kwalabe, ga karyayyen keke, babu murhu. Ya ce masu tsintar ƙarfe kan riga motar hukuma, tun da la'asar suke zagawa. Ya ba da haƙuri sau uku, hannu a ƙirji. Ban iya jin haushinsa ba. Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi a kan lokaci.

A matakala Yaya Rabi ta ce, "Kafet, Binta? Saboda kafet? Kafet ɗin da Isaka ya tsinto mini a titi?"

Washegari Alhaji Isaka ya ajiye aikinsa ya zaga da ni wuraren sayen tsohon ƙarfe uku da ya sani, can gefen kogi. Ina nuna hoton murhun a waya, ana girgiza kai. A na ukun na ga abin da ban taɓa gani ba: tsaunin ƙarfe ya fi benen tasharmu tsawo, wani babban maganaɗisu yana ɗiba yana zubawa cikin injin da ke matse komai ya zama dunƙule. Na ga ƙofofin mota a ciki ba iyaka, lafiyayyu, waɗanda Malam Sale kan yi ciniki rabin yini kafin ya sami ɗaya. Mai wurin ya ce abin da ya shigo jiya yau ya riga ya zama dunƙule, jirgin ruwa zai kai shi masana'antun ƙetare a narka.

"Kada ka damu, Hajiya," in ji Alhaji Isaka a mota. "Za su narka shi su yi sabon murhu, su kawo muku a kwantena. Zai dawo gida da fenti."

Da ya ga ban yi dariya ba ya tsaya ya saya mini shayi.

Da yamma Malam Sale ya bugo. Ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, sannan ya ce, "Sun gan shi?" Na ce gobe ne taron. Gaskiya ce, kuma ita ce ƙarya mafi girma da na taɓa yi.

Taron a tsakiyar Manhattan aka yi, hawa na talatin da wani abu. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da kwatancen da Yaya Rabi ta rubuta mini, na wuce tashata, na dawo, duk da haka na riga kowa zuwa. An rataya mini suna a wuya. Zauren yana da tagogi daga ƙasa har sama, rana tana shigowa, an ja labule an kunna fitilu. A kan wani dogon tebur an jera murhu biyar na masana'antu, shuɗi da ja da kore, kowanne da takardar shaidarsa. A ƙarshen teburin akwai wurin da ba kowa, da ɗan kati mai sunan Malam Sale. Sun rubuta sunan daidai.

Na sami Madam Helen na gaya mata abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Ta dafa ƙirji, ta ce abin ya taɓa ta ƙwarai. Ta kira injiniyan, mutum mai ladabi, ya karɓi wayata ya daɗe yana duba hotunan, yana faɗaɗa su da yatsa. Ya tambayi kaurin yumɓun da yawan ramukan iska, na ba shi amsa, don na auna. Ya ce ƙirar tana da hankali, wanda ya yi ta ya san wuta. Sannan ya mayar mini da wayar ya ce ba ya iya tafasa ruwa a kan hoto. Na roƙi mako biyu a aiko da wani. Madam Helen ta ce da ikonta ne da ta ba ni wata guda, amma masu ba da kuɗin sun kafa ranarsu, kuma jirgin ruwa ba ya jira. Ta ce akwai zagaye na gaba.

Masu jawabi uku a gabana duk sun ambaci Bajamushen, ɗaya har ya haska hotonsa a bango. An ba ni minti goma a takarda, da aka zo kaina aka ce lokaci ya ƙure, huɗu zan yi. Wanda ya saba da jar fitilar situdiyo ba a tsorata shi da agogo. Na ce musu abin da suke karantawa a littafi akwai layi guda a garinmu da ke yin sa da guduma. Na ce ƙarfen murhun Malam Sale shara ce da ba a sake haƙo ta ba, yumɓunsa daga bayan gari ne, in ya tsage mai gyara yana nan kusa, kuɗinsa kuma a unguwar yake kwana. Na ce murhun da zai ƙetare teku ya zo kyauta zai rage gawayi, ya kuma rage maƙera, kuma ban ga inda marubucin da suke yabo ya kira wannan ci gaba ba. Na gama saura daƙiƙa goma. Aka yi tafi sosai. Wata ta ce na sa ta hawaye. Aka ba ni jakar yadi da gorar ruwa ta ƙarfe, duka da tambarin ƙungiyar.

Da aka tashi cin abinci, an jera abin da zai ƙosar da gidan suna biyu. Rabinsa ba a taɓa ba. Ina tsaye na ga wata ma'aikaciya tana juye tire-tire cikin baƙar leda, shinkafa da kifi da 'ya'yan itace. Ta dubi ɗaurin ɗankwalina ta ce, "Ina wuni, Hajiya." 'Yar Damagaram ce.

"Duk zubarwa za a yi?" na tambaye ta.

"Doka ce. Ko mu ba a bari mu ɗauka." Ta ɗaure bakin ledar. "Kar ki riƙa dubawa. Ni wata uku na yi ina dubawa, sai na ga ciwo zai kama ni."

Kwana biyun da suka rage Yaya Rabi ta kai ni Harlem sayen tsaraba. Nan kam sai ka ce Sabon Gari aka ɗauko aka sa wa sanyi: shagunan atamfa, masallaci a saman kanti, mai gyaran waya yana faɗa da Zabarmanci. Muka ci shinkafa da miyar gyaɗa a wurin wasu 'yan Senegal. Na saya wa Iya Hanne bargo, na saya wa Malam Sale safar hannu ta masu walda. Ina biya ina jin kunyar kayan. Dogon benen nan mai yawan tagogi da kowa ke tambayata, da mutum-mutumin da ke tsakiyar ruwa, ban je ba. Wanda ke son labarinsu ya tambayi wani.

Kwana ɗaya da saukata na tafi layin maƙera. Da suka hango ni guduma ta tsaya rumfa bayan rumfa. Na zauna a kan benci na faɗi komai a gabansu, har da kafet ɗin, har da jaridar da na shimfiɗa. Ba wanda ya katse ni. Wani daga baya ya yi tsaki, Malam Sale ya ɗaga masa hannu.

"Ba ki shigar da shi ɗakin mutane ba," ya ce. "To ai tarbiyya ce. Ko ni ne haka zan yi." Ya juya safar hannun da na kawo masa, ya duba ɗinkinta. "Ƙofar da na yanka na yi shi, ta wata tsohuwar motar Amurka ce. Dama nasu ne. Ya koma gida."

Aka yi 'yar dariya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwantenonin sun iso bayan damina. Shuɗin aka zaɓa. An yi bikin rabawa da rumfuna da jawabai, tasharmu ta aika wakili, ni na karanta labarin a labaran ƙarfe bakwai, da muryar da nake karanta kowane labari. Zagaye na gaba kuwa, na rubuta wa Madam Helen sau uku. A na ukun amsa ta zo daga wani mutum daban, cewa ta koma wani aiki, shirin kuma an kammala shi cikin nasara.

Ba zan ce murhun nawa ne kaɗai sanadi ba. Mai yiwuwa ko an gwada shi kwantenar za a zaɓa. Sai dai ba a gwada ba, kuma na san dalili. Na karanta littafin nan sau uku, na san abin da ke kowane babi, na iya bayanin yadda birni ke tara ƙarfensa ya narka. Ban iya tambayar mai kai ni masauki ina ake ajiye kaya ba.

Watan jiya na koma layin. Rumfa uku ke aiki, su ma bokiti da kwanon awo suke yi. Sauran masu rumfunan wasu sun koma tuƙa adaidaita, wasu dako. A gefen Malam Sale an tara shuɗayen murhu kusan ashirin, mata sun kawo gyara: hannu ya cire, ciki ya tsage. Ya ce ƙarfen ba ya karɓar guduma, kuma an haɗe shi yadda ba a buɗewa sai an fasa. Ya shigar da ni gida in gaisa da Iya Hanne. Na same ta a tsakar gida tana fifita wuta a shuɗin murhu, don ita ma sunanta ya fito a jerin. Ta amsa gaisuwata da kyau, ta yi godiyar bargo. Ba ta tambaye ni abinta ba.

Da ya rako ni zaure na ce ya daina bugo waya a shirin. Ya ce yana dai saurare. Sannan ya ce, "Malama, tambaya ɗaya nake da ita. Littafin Baturen nan, su can an karanta musu shi kuwa? Ko mu kaɗai aka fassara wa?"

Na ce sun karanta, har hotonsa suna da shi a bango.

"To madalla," ya ce, ya koma ciki.

Wannan ita ce Amurkar da na je. Tana gaishe ku.